Ina Za Ka Sa Nairarka Ta Ƙarshe?

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin shafuffukan Hausa na wannan mujalla tamu, domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai bisa wani al'amari wanda ya daɗe yana damuna, watau yadda mu ke kashe 'yan kuɗin da a ke aiko mana daga gida.

Kowa a cikin kwalejin nan ya san yadda wata ya ke tafiya. Ran da kuɗi suka shigo, sai ka ji ɗaki ya cika da ƙamshin tsire, kwalaben lemo a kan kowane tebur, waya kuwa ba ta sauka daga kunne. Kafin wata ya yi kwana ashirin, sai ɗakin nan ya yi tsit, ba ka jin kome sai ƙarar cokali cikin kofin garin rogo. Ba don in yi wa kowa dariya na faɗi wannan ba, gama ni ma na sha garin nan. A shekarata ta farko na taɓa karɓar kuɗin wata, ban kwana uku ba na sayi takalmi na biyu, alhali kuwa na farko ko tsagewa bai yi ba, sauran kuma na zuba su a cikin waya. Mako na biyu sai malaminmu ya ce kowa ya nemi wani littafi, domin daga cikinsa za a yi jarrabawa. Na laluba aljihu, wayam. Sai da na ci bashi wurin wani abokina wanda na san kuɗin da a ke aiko masa ba su kai nawa ba. Na ji kunya ran nan ƙwarai, kuma har yau ban manta ba.

Bayan wannan ne muka kai ga wani darasi a cikin ilmin tattalin arziki, wanda ya nuna mini inda na yi ɓatan kai. Yawancin 'yan ajinmu sun haddace shi don jarrabawa, suka zuba a takarda, suka bar shi can. Ni kuwa ina ganin wannan darasi bai kamata ya tsaya a ɗakin jarrabawa ba, kuma bai kamata a bar wa masu karatun tattalin arziki su kaɗai ba. Duk wanda ya ke taɓa kuɗi da hannunsa yana bukatarsa, balle mu da za mu zama malaman makaranta, mu riƙe gida da albashi ƙayyadadde.

Ga mafarin maganar. Ka ɗauki mutum wanda ya wuni cikin rana, ƙishirwa ta kama shi. Ka ba shi moɗa ɗaya ta ruwan sanyi, sai ya shanye, ya yi ajiyar zuciya, ya sa maka albarka. Ka ba shi ta biyu, zai sha, amma ba da gaggawa irin ta farko ba. Ta uku sai ya kurɓa ya ajiye. Ta huɗu kuwa, in ka matsa masa, faɗa za ku yi. To, ruwan nan ɗaya ne, randa ɗaya aka ɗebo shi, amma amfanin da kowace moɗa ta ƙara masa sai raguwa ya ke yi. Wannan shi ne abin da za mu kira amfanin ƙari, watau amfanin da mutum ya ke samu daga guda ɗaya da ya ƙara a kan abin da ya riga ya samu. Haka abin ya ke ga tuwo, da riga, da takalmi, har da hira a waya. Takalmina na farko shi ya raba ƙafata da ƙaya da zafin ƙasa. Na biyu kuwa ba abin da ya ƙara mini sai a gani a ce na canja.

Wannan 'yar magana da ku ke gani ta daɗe tana ba masana wahala. A cikin shekara ta 1776 wani masani mutumin Sikotilan, Adam Smith, ya lura da wani abin mamaki: ba abin da ya fi ruwa amfani ga ɗan Adam, amma ba shi da tsada, dutsen daimon kuwa ba a ci, ba a sha, amma kuɗinsa ba su faɗuwa. Da aka gane amfanin ƙari sai ƙullin ya kwance. Ba dukan ruwan duniya mutum ya ke saye ba, guga ɗaya ya ke saye a kan wanda ya ke da shi. Inda ruwa ya wadata, amfanin gugan ƙari kaɗan ne, saboda haka ba mai biyan kuɗi da yawa dominsa. Mu ma mun ga gaskiyar wannan da idonmu. Ran da famfo ya ke zuba, wa ya ke kula da mai garuwa? Amma bari famfon ɗakunan kwana ya ƙafe kwana uku da rani, ku ga yadda za a riƙa bin mai garuwa da lallashi, ana ƙara masa kuɗi a kan kowace jarka.

Wanda ya fara tsara wannan ilmi sosai wani Bajamushe ne, Hermann Heinrich Gossen, wanda ya taɓa aikin gwamnati. Ya buga littafinsa a 1854, amma ba wanda ya kula da shi, har ya rasu a 1858 bai ga an yaba masa ba. Daga baya mutum uku suka sake gano abin, kowa a wajensa: William Stanley Jevons a Ingila da Carl Menger a Ostiriya, dukansu a 1871, sa'an nan Léon Walras, wani Bafaranshe mai koyarwa a Suwizalan, a 1874. Da Jevons ya sami labarin littafin Gossen, sai ya bayyana a 1879 cewa lalle mutumin nan ya riga shi. Wannan ma abin koyi ne ga malami, ya ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

To, yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Kuɗinmu ƙayyadaddu ne, abubuwan da rai ke so kuwa ba su da iyaka. Ba ya isa ka ce wannan abu ya fi wancan amfani, sai ka duba nawa kowane ya ci. Dabarar ita ce ka raba amfanin ƙari na kowane abu da kuɗinsa, ka ga abin da kowace naira ta sayo maka. Littattafan Amurka da dala su ke lissafin, kakanninmu da sule da kwabo suka yi nasu kafin a kawo naira a 1973, amma hanyar ɗaya ce. Inda naira ta fi kawo amfani, nan za ka sa ta. Kana ƙara sayen abin nan, amfaninsa na ƙari yana raguwa, har ya zo daidai da na sauran. Sa'ad da naira ta ƙarshe da ka sa a kan kowane abu ta kawo maka amfani daidai wa daida, to, ka kai iyakar abin da kuɗin nan za su iya yi maka. In ba su yi daidai ba, akwai sauran gyara: ɗauke naira daga inda ta ke kawo kaɗan, ka kai ta inda za ta kawo da yawa.

Tun da ya ke mu masu koyon aikin malanta ne, mun saba da ba da maki, bari mu yi misali da maki. A ce ka fito da safe da naira 800, za ka karya kumallo. A ce ƙosai guda naira 100 ne, kofin koko kuwa naira 200. A ce kuma ka ba ƙosai na farko maki 20 saboda daɗin da ka ji, na biyu 16, na uku 12, na huɗu 10, na biyar 6, na shida 2. Koko kuma kofi na farko maki 36, na biyu 20, na uku 8. Wanda bai yi tunani ba zai ce ai koko ya fi, tun da ya ke 36 ta fi 20. Amma kofin koko kuɗin ƙosai biyu ya ci. In ka raba, sai ka ga kowace naira 100 da ka sa a kofi na farko maki 18 ta kawo, a na biyu 10, a na uku 4 kawai.

Sai mu bi su daki-daki. Ƙosai na farko, mai maki 20, shi ne a gaba. Sa'an nan kofin koko na farko mai 18, sai ƙosai na biyu mai 16, da na uku mai 12. An kashe naira 500 ke nan. Saura 300, kuma ga ƙosai na huɗu da kofi na biyu, kowane maki 10 ya ke bayarwa a kan naira 100. Ka saye su duka biyu, kuɗi sun ƙare cif. Ka ci ƙosai huɗu, ka sha koko kofi biyu, jimlar makinka 114. Gwada wata hanya ka gani. Ƙosai shida da kofi ɗaya, 102 za ka samu. Ƙosai biyu da kofi uku, 100. Kuɗin ɗaya ne, naira 800, amma wani ya tashi ya fi wani gamsuwa, don kurum ya san inda zai tsaya.

Kada wani ya ce wannan wayon Turawa ne. Ni na ga uwata tana yin lissafin nan tun ina yaro, ita kuwa ba ta taɓa jin sunan Gossen ba. In kuɗin cefane suka yi kaɗan, ta kan ce da ni, “Rage naman nan, ka ƙaro daddawa da manja.” Ba wai ta fi son daddawa da nama ba ne. Ta san dai tsoka ta biyar ba za ta canja miya ba, amma miyar da ba daddawa ba mai sha. Haka kuma duk ƙasar nan ta yi lissafin nan ba shiri bayan ran 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota suka tashi. Amfanin shiga mota bai canja ba, amma abin da kowace naira ta ke sayowa a cikinta ya ragu. Sai mutane suka rage tafiye-tafiye, mai zuwa gida kowane mako ya koma zuwa sau ɗaya a wata, waɗansu suka koma tafiya da ƙafa, suka mai da kuɗin wajen abinci. Dalilin da ya sa ciniki ya kan ragu in kaya suka yi tsada ke nan.

Abin da ya ke ba ni haushi shi ne, mu da muka yi karatun, mu ne muka fi kasa aiki da shi. Na lura da kurakurai uku a tsakaninmu.

Na farko shi ne bin araha ido rufe. Wani da ya ji an ce an karya kuɗin kaya, sai ya kwasa, ko yana bukata ko ba ya bukata. Ya manta lissafin nan ƙafa biyu gare shi, amfani da kuɗi. Abin da ba zai amfane ka ba, ko naira goma aka sayar maka, ka yi hasarar naira goma. Mutanen da suka ce araha ba ta ado sun san abin da su ke faɗi. Fitilar da za ta mutu cikin mako biyu ta fi mai ƙarko tsada, ko da ya ke kuɗinta rabi ne.

Na biyu shi ne saye don idon mutane. Za a yi biki, an fitar da anko, sai ka ga ɗaliba ko ɗalibi ya ba da kuɗin abincin kwana goma don tufar da zai sa wuni ɗaya, alhali akwatinsa cike ya ke da tufafi. In da zai tsaya ya ba rigar nan ta bakwai maki tsakaninsa da Allah, ya raba da kuɗinta, ya gwada da abincin kwana goma, da shi da kansa zai yi dariya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana, kuma kwaɗayin yabo ya fi na baki tsada.

Na uku, wanda ya fi duka muni, shi ne raina amfanin da ba ya zuwa yau. Tsire yanzu za ka ji daɗinsa, littafi kuwa sai ƙarshen zango, ko ma sai ka fara koyarwa. Zuciya ta kan cika wa na kusa maki, ta tauye na nesa, kamar malamin da ya ke fifita yaron da ke zaune a gaban aji. Haka abin ya ke ga data. Wadda ka saya don neman abin da aka ba ka aiki a kansa, amfaninta babba ne. Amma ta sa'a ta huɗu da ta biyar, wadda ka ƙone wajen kallon abin da gobe ba za ka tuna ba, ita ce moɗa ta huɗu ga wanda ya riga ya ƙoshi da ruwa.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ba zan ɓoye hujjojinsu ba. Wani abokina ya ce da ni, “Kai, wane ma'auni ne a ke auna daɗi da shi? Mudu ne ko sikeli?” Gaskiyarsa. Makin da na bayar ɗazu misali ne kawai, ba wanda ya taɓa ganin daɗi a kan sikeli. Masanan su da kansu sun yarda da haka, har waɗansu, kamar John Hicks na Ingila a cikin littafinsa na 1939, suka nuna ba lalle sai an ƙidaya daɗi ba, ya isa mutum ya iya cewa wannan ya fiye mini wancan. Wannan kuwa kowa yana iyawa. Ba ka bukatar alƙalami kafin ka san ko naira 500 ɗin da ke hannunka ta fi amfani a wurin mai sabulu ko a wurin mai lemo. Abin da a ke bukata shi ne ka tsaya ka yi tambayar kafin ka miƙa kuɗin.

Wani kuma ya ce ai ba kome ne a ke saye gutsure-gutsure kamar ƙosai ba. Ba a sayar da rabin littafi, ko ƙafar takalmi ɗaya. Wannan ma gaskiya ne. Amma maganinsa tsoho ne a wurinmu, shi ne asusu da adashi. Ka riƙa ɗauke nairorin nan na ƙarshe, waɗanda ba su kawo maka kome, kana tarawa, har su isa sayen babban abin. Da haka ƙosai na shida na kowace safiya ya kan zama littafi a ƙarshen wata.

Mai ja na uku shi ya fi ba ni tunani. Ya ce wannan ilmi zai mai da mutum marowaci, mai ƙidaya kowane kwabo, wanda ba ya kyauta, ba ya zumunci. Na ce masa a'a. Lissafin nan bai gaya wa kowa abin da zai so ba. In faranta ran mahaifiyarka da ɗan goro ko turmin zane ya fi maka kome, to, maki mai yawa za ka ba shi, lissafin kuma zai ce ka kai kuɗin can. Har ma ilmin nan yana goyon bayan kyauta. Tun a 1738 wani masanin lissafi mutumin Suwizalan, Daniel Bernoulli, ya nuna cewa kuɗi su ma amfaninsu na ƙari raguwa ya ke yi. Naira 1,000 a hannun attajiri ba ta canja masa kome, amma a hannun ɗalibin da bai karya kumallo ba, abincin wuni ce. Saboda haka wanda ya ɗauki nairar da ba ta daɗa shi da kome ya ba mabukaci, ya kai ta inda ta fi amfani. Musulminmu da Kiristanmu duka an hore mu da barin almubazzaranci da barin rowa, kuma ni ban ga inda lissafin nan ya saɓa wa wannan horo ba.

Jama'a, ku tuna inda muka dosa. Nan da shekara ɗaya ko biyu yawancinmu za mu tsaya a gaban allo. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, kuma kowa ya san aikin malanta ba inda a ke tara dukiya ba ne. A cikin ɗan abin da za mu samu za a fitar da kuɗin haya, da abinci, da mota, da magani, da na iyaye. Wanda bai iya sarrafa kuɗin wata yana shi kaɗai a makaranta ba, yaya zai yi in ga mata ga 'ya'ya? Malamin da bashi ya yi wa katutu kuwa ba ya koyarwa da natsuwa. Jikinsa yana aji, hankalinsa yana wurin mai kanti, kuma yara ne za su biya hasarar.

Saboda haka ga shawarata, guda biyu. Ta farko, kowane ɗayanmu ya sami ɗan littafi, ya rubuta duk abin da ya kashe har wata guda, kome ƙanƙantarsa, kada ya ɓoye wa kansa kome. A ƙarshen wata ya zauna ya duba, ya sa alama a kan duk abin da in da za a mayar masa da kuɗinsa da ya karɓa da murna. Waɗannan su ne nairorin da suka tafi inda ba su da amfani, su ne kuma za ya juya wata mai zuwa. Ni na gwada, abin da na gani kuwa ya ba ni tsoro, gama na tarar kuɗin da na ke cewa ba su isa ba, kashi mai yawa nasu ni ne na ke watsar da su da hannuna.

Ta biyu, in mun fita koyarwar gwaji, mu kai wa yara wannan darasi cikin lissafin da mu ke koya musu. Ba sai mun ambaci sunan wani Bature ba. A kawo tiren wasa a aji, a sa ƙosai da gyaɗa da fensir na kwali, a ba kowane yaro kuɗin takarda ƙayyadaddu, a ce ya yi sayayya, sa'an nan ya faɗi dalilin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya. Yaron da ya koyi tambayar kansa haka tun yana aji huɗu, ya sami abin da zai amfane shi har tsufansa, ko ya zama manomi, ko ɗan kasuwa, ko ma'aikaci.

Ban ce na ƙware ba, har yanzu ƙamshin tsire ya kan rinjaye ni wani lokaci. Amma tun daga ranar da na ci bashin nan na littafi, ba na miƙa kuɗi sai na tambayi kaina, shin akwai inda nairar nan za ta fi yi mini amfani? In akwai, sai in mai da ita aljihu. Allah ya sa wa ɗan abin da mu ke samu albarka, ya ba mu hankalin sarrafa shi, amin.